Guzurin Ma'aikaci da Awon Zaƙi

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi abin da ma'aikaci ke sa wa cikinsa tsakanin fitarsa daga gida da safe da komowarsa da yamma. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan filin addini da kwanon abinci? To, jiki amana ne. Da shi ake tsayuwar salla, da shi ake neman halaliya, kuma yana cikin abubuwan da za a tambayi bawa a kansu ranar gobe kiyama.

Ku dubi halin da yawancinmu ke ciki. Akawu da malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da direba da tela duk sukan fita tun da sassafe, wasu ko karyawa ba su yi ba. In rana ta take, sai a aika yaro ya sayo burodi ko fanke ko cincin, a kora da lemun kwalba mai sanyi. Ciki ya cika, amma kafin La'asar ga kasala, ga gyangyaɗi a kan tebur, ga yunwa ta dawo. Wanda ya shekara goma yana haka, bai kamata ya yi mamaki ba in likita ya fara yi masa zancen ƙiba da ciwon sukari da hawan jini.

GUZURI A ADDINI

Abin da Hausawa ke kira guzuri shi ne Larabawa ke ce wa "zad". Imamul Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, cewa mutanen Yaman sun kasance suna fitowa aikin Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka kuma sai su shiga roƙon mutane. A kan haka ne aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka da umurnin yin guzuri, ta kuma nuna cewa tsoron Allah shi ne mafificinsa. A Suratul Kahfi kuwa mun karanta cewa Annabi Musa, Alaihis Salam, da yaronsa sun ɗauki kifi a tafiyarsu ta neman ilmi, har ya nemi a kawo musu abincinsu lokacin da gajiya ta kama su. Ashe ke nan riƙe kwanon abinci zuwa wurin aiki ba abin kunya ba ne, ko ga babban sakatare. Tanadi ne irin na masu hankali, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai kuma wane irin guzuri? Aya ta 168 ta Suratul Baƙara ta haɗa siffofi biyu ga abin da za a ci, watau ya zama halal, ya kuma zama "ɗayyib". Halal kowa ya san shi. Ita kuwa kalmar ɗayyib a Larabci tana ɗauke da ma'anar tsarki da daɗi da kyau, kuma malaman tafsiri sun shigar da rashin cutar da jiki da hankali a cikinta. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta zo da sharaɗi na uku, inda ta halatta ci da sha ta hana wuce iyaka. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikarib cewa Manzon Allah ya yi wa ciki kashi uku: ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Ma'aikacin da ya cika dukkan kashi ukun da tuwo da rana, ya tauye haƙƙin wanda ya ɗauke shi aiki, domin sauran sa'o'in barci zai yi da su. Wanda kuma ya wuni da yunwa, shi ma hankalinsa ba zai tsaya ga aikin ba.

ABIN DA ZA A ZUBA A KWANO

Ma'aikatan lafiya kan ba da wani awo mai sauƙin riƙewa. A raba kwano biyu, rabi ya zama ganye da kayan lambu. Ragowar rabin a sake raba shi biyu, kashi ɗaya hatsi ko doya ko dankali, kashi ɗaya abinci mai gina jiki kamar wake, ƙwai, kifi, nama ko awara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na bukatar aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, gishiri kuwa kada ya kai giram 5, watau kimanin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano na miya. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta za su rage mana dogaro ga dunƙulen nan.

Alhamdu lillahi, ba sai mun nemo abincin wata ƙasa ba. Ga misalin mako guda. Ran Litinin dambun tsakin masara wanda aka cika shi da zogale, da dafaffen ƙwai ɗaya. Ran Talata garau-garau, amma waken ya rinjayi shinkafar, a taƙaita mai, a yanka kabeji da tumatir a gefe. Ran Laraba alala da kwaɗon rama ko na zogale. Ran Alhamis faten acca ko na wake da alayyahu da ɗan busasshen kifi. Ran Juma'a, da yake ana saurin zuwa masallaci, dafaffen dankali ko makani da ƙuli-ƙuli da gurji ya wadatar. Don ɗan abin taɓawa kafin a tashi, a jefa gyaɗa ko aya cikin tafin hannu ɗaya a jaka, tare da gwaiba ko yalo ko lemun zaƙi ko karas, gwargwadon abin da lokaci ya kawo kasuwa da araha.

Hikimar wannan haɗi ita ce, wake da ganye da hatsin da ba a raba shi da dusarsa duka ba sukan daɗe a ciki, ƙarfinsu na shiga jini sannu a hankali. Burodin farin fulawa da lemun kwalba kuwa kamar wutar kara suke, yanzu ta tashi, yanzu ta mutu.

Lalle ne kuma a kula da tsaron abincin, domin ƙasarmu ƙasar zafi ce. Ƙa'idar masana ita ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye a fili, ba zafi ba sanyi, domin a nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Saboda haka a dafa da safe, a zuba shi da zafinsa cikin kula mai riƙe zafi wadda aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, kada a buɗe sai lokacin ci. Shinkafar da ta kwana a tukunya ba a firiji ba, a guje ta, domin dumame ba ya kashe gubar da ke iya taruwa cikinta. Kwaɗo kuwa a riƙe ganyen daban, garin ƙuli daban, sai za a ci a haɗa. A wanke hannu da sabulu, a yi Bisimilla, a ci da dama.

SUKARI DA MADADINSA

Yanzu sai mu zo ga batun zaƙi, inda kuskure ya fi yawa. Zaƙi dai ba haram ba ne. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labari, kamar yadda ya zo a Buhari, cewa Manzon Allah yana son kayan zaƙi da zuma. Amma ita ce kuma ta ba da labarin cewa akan ga jinjirin wata har sau uku ba a hura wuta a gidajensa ba, dabino da ruwa ne abincinsu. Wanda zai kafa hujja da hadisin farko, to ya riƙa tuna na biyun.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini. Ga babban mutum, wannan ya kama kimanin giram 50, watau cokalin shayi 12, kuma ta ce in an sauko zuwa cokali 6 ya fi. Da yawa daga cikin lemunan kwalba suna ɗauke da kimanin giram 50 a rabin lita. Ke nan wanda ya sa cokali 3 a shayin safe, ya sha kwalba ɗaya da rana, ya riga ya ƙetare iyaka tun bai komo gida ba. Yawan shan irin wannan lemu na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Nijeriya ta sa masa harajin Naira 10 a kowace lita a dokar kuɗi ta 2021.

Mutane da yawa da suka ji wannan sai suka koma ga zuma da dabino da mazarƙwaila, suna ɗauka an gama magana. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Zuma, Allah Ya ambace ta a aya ta 69 ta Suratun Nahli, Ya bayyana cewa akwai waraka a cikinta ga mutane, kuma mun yi imani da haka. Sai dai kowane magani da awonsa. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, babban cokali ɗaya na ɗauke da kimanin giram 17, kuma lissafin cokali 12 ɗin nan ya haɗa da ita da ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Amfaninta a nan shi ne ta fi sukari zaƙi da ƙamshi, don haka kaɗan ya isa. Hausawa sun ce zuma ga zaƙi ga harbi. A kula da wurin saye, domin akwai masu dafa sukari su sayar da sunan zuma, alhali Manzon Allah ya barranta daga mai algus. Jariri kuwa da bai cika shekara ɗaya ba kada a ba shi zuma ko ɗigo, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya yaƙarta ba.

Dabino, ko na Dutse ko na Agadas ko wanda alhazai ke kawowa, kimanin kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Fifikonsa shi ne yana zuwa da tsokarsa da zare-zarenta da sinadarai masu amfani, kuma sai an tauna. Ƙwaya 3 bayan abincin rana sun isa su kashe kwaɗayin alewa da biskit. Za a iya jiƙa 'yan ƙwayoyi a niƙa a cikin kunun aya ko fura maimakon sukari, amma a ƙirga su kafin a zuba, domin abin da aka niƙa ya fi saurin wucewa a maƙogwaro. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Ja'afar cewa ya ga Manzon Allah yana cin ɗanyen dabino haɗe da wani nau'in gurji. Ku dubi wannan daidaito, mai zaƙi tare da mai ruwa marar zaƙi.

Mazarƙwaila kuwa ruwan rake ne aka dafa ya daskare. 'Yar'uwar farin sukari ce uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan abin da ta fi shi da shi bai taka kara ya karya ba. Cokalinta a lissafa shi daidai da cokalin sukari.

Akwai kuma sitibiya, wani tsiro ne da asalinsa ƙasashen Faraguwai da Barazil, wanda abin da ake tatsa daga ganyensa ya ninka sukari zaƙi sau ɗaruruwa, ga shi ba ya ƙara sukarin jini. Duk da haka, a shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan abubuwa, har da ita sitibiyar, domin rage ƙiba, ta ce abin da ya fi shi ne a rage zaƙin gaba ɗaya. Wannan shawara ba ta haɗa da masu ciwon sukari ba. Su nasu awon yana hannun likita, kuma kada wani ya ruɗe su da cewa zuma da dabino ba sa taɓa su saboda abincin Sunna ne.

Hanya mafi dacewa ita ce horar da harshe. Mai sa cokali 3 ya koma 2 na 'yan makonni, sannan 1, zai ga harshe ya saba. Zoɓo da ruwan tsamiya da shayi a ƙawata su da citta da kanumfari da kirfa da na'a-na'a, a ɗura a gora a tafi da su. Mafi alherin abin sha a wurin aiki dai shi ne ruwa mai tsabta.

Daga ƙarshe, maigida ya sani guzuri mai kyau daga cefane yake farawa. Ya sayo wake da ganye, ya taimaka, ya kuma gode wa wadda ta tashi da asuba ta girka. In an buɗe kula a ofis, a waiwayi masinja da mai gadi, domin ya tabbata a Sahihu Muslim cewa abincin mutum ɗaya kan wadaci biyu. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ciyar da mu halal mai albarka, Ya sa tsoronSa ya zama guzurinmu na lahira, amin.