Darasin Kimiyya: Wane Maciji Ake Kiwo a Gida?

Ɗalibai, ku gyara zama. Na ga wasunku har sun ɗage ƙafa daga ƙasa. A wurinmu ajiye maciji sana'ar gardi ce, amma a Amurka da Turai kiwonsa ake yi cikin akwatin gilashi, kamar yadda muke kiwon tattabaru. Yau za mu duba abin da mai kiwo ke aunawa kafin ya ƙaro sabo.

Masu dafi, irin su kasa da kububuwa da kumurci, ba sa cikin lissafi. Mu wuce.

Ma'auni na farko shi ne ɗumi. Jikin maciji ba ya samar wa kansa zafi, daga waje yake aro. Shi ya sa ake ɗumama gefe ɗaya na akwatin, a bar ɗayan da ɗan sanyi, ya riƙa kai-kawo. In ɗumin ya gaza, abin da ya haɗiye ba ya narkewa, sai ya amayar.

Na biyu shi ne girma. Mesar Bama tana ƙarama a tafin hannu take naɗewa, amma takan wuce mita 4. Irinta ce ta bazu a fadamun Everglades na Florida tana cinye namun daji, har Amurka ta hana shigo da ita a 2012.

Wadda masu kiwo suka fi rububi kuwa tamu ce ta Afirka ta Yamma: ƙaramar mesa, Python regius, da ake fitarwa daga Gana, Togo da Binin. Da wuya ta wuce mita 1.5. In ta tsorata ba sara take kaiwa ba, dunƙulewa take yi kamar gammo, ta cusa kai a tsakiya. Tana son gefen ɗumi ya kai digiri 31 ko 32, da iska mai laima, in ba haka ba saɓarta ta maƙale mata, har a kan ido. Aibinta yajin cin abinci: sai ta yi watanni ba ta kalli ɓera ba. Kuma takan kai shekara 30. Wanda ya saye ta yana saurayi, da ita zai aurar da 'yarsa.

Ni dai, ga sabon shiga, macijin masara na kudu maso gabashin Amurka na fi yarda da shi. Ba ya tsirfar abinci, sai dai gwanin sulalewa ne, ko yaya murfi ya yi sako-sako ya fice.

To, an zaɓa, an kawo. Kada a haɗa shi da na gida. A keɓe shi kamar wata 3, a shimfiɗa masa farar takarda, domin a kanta ake ganin baƙaƙen ƙwarin da ke shan jininsa, ƙanana kamar barbashin barkono. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, saboda ƙwayar salmonela.

Aikin gida: ku zana akwatin, ku nuna inda za ku ajiye kwanon ruwa da maɓoya biyu, da dalilinku.