DARASI: KAN INJI NA ALMINIYO BA YA SON ZAFI

Ƴan'uwa direbobi, karnukan mota da masu motoci na Dungas, wannan darasi naku ne. Manomi ma ya karanta, don mota ce ke kai riɗinsa da wakensa kasuwar Magarya ko ta Maigatari.

Gangar jiki da kai

Injin gazuwal yana da manyan sassa biyu. Akwai gangar jikin inji, inda fistan ke hawa da sauka. Akwai kan inji, wanda makanikai ke kira kilas, shi ne murfin da ke rufe ta daga sama. Tsakaninsu akwai wani siririn faifai, juwan kilas, mai hana ruwa da mai da wuta su gauraya.

Injin gazuwal ba shi da buji. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sa'an nan gazuwal ya kama wuta. Matsin yana da ƙarfi ƙwarai. Shi ya sa har yanzu ake zuba gangar jiki da kan injin manyan kamyo da baƙin ƙarfe.

Me ya kawo alminiyo?

Alminiyo shi ne ƙarfen da maƙera ke narkewa su zuba tukwane. Nauyinsa bai kai rabin na baƙin ƙarfe ba. Kuma yana saurin fitar da zafi. Mota marar nauyi ba ta shan mai da yawa.

Don haka ƙananan motocin kaya da dama suna da kan alminiyo bisa gangar baƙin ƙarfe. Haka Peugeot 504 bashe mai gazuwal take. Haka injin Toyota 1KZ, wanda ya fito a 1993. Amma 1HZ na Land Cruiser, kansa baƙin ƙarfe ne. A Amurka, a 2019, kamfanin General Motors ya fito da ƙaramin injin Duramax mai gangar jiki ta alminiyo. Kowane direba ya tambayi makanikensa irin kan da ke motarsa.

Ina matsalar take?

Alminiyo yana narkewa a zafi digiri 660. Baƙin ƙarfen zubi sai wajen 1200. Kuma in sun sha zafi tare, alminiyo yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. To, in inji ya tafasa, kan zai lanƙwashe ko ya tsage, juwan ya ƙone.

Hanyoyinmu na Guci, Malawa da Dogo-Dogo rairayi ne. Mota mai lodi tana tafiya da ƙaramar giya, inji na ihu, iska ba ta isar radiyata. Ga zafin bazara. Nan ne kan inji ke mutuwa. In ya mutu a daji, kayan jama'a su kwana a hanya, kuɗin gyara ya cinye ribar kaka.

Alamun kai ya taɓu

Ruwa yana raguwa, ba a ga inda yake zuba ba. Farin hayaƙi yana fita a salansa. Kumfa tana tasowa cikin radiyata. Man inji ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono.

Abin da za mu kiyaye

1. Kowace safiya a duba ruwa da bel ɗin fanka, tun inji na sanye.
2. A share ƙaiƙayi da ƙura daga fuskar radiyata.
3. A sa ruwan inji mai launi da ake sayarwa a kanti. Ruwan wasu rijiyoyinmu yana da kanwa, kanwa kuwa tana cin alminiyo.
4. In allurar zafi ta hau ja, a tsaya nan take. Kada a ce bari mu ƙarasa gari.
5. Kada a buɗe murfin radiyata da zafi, tururi yana ƙona fuska. Kada a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi. A jira ya huce.
6. In an kwance kai, a auna ko ya lanƙwashe, a sa sabon juwan. A ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, da sufana mai awo.

Kan alminiyo yana daɗewa a hannun mai kula. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don masu yaƙi da jahilci

Me ya sa manyan kamyo ba su bar baƙin ƙarfe ba? Faɗi alamu uku na kan da ya taɓu. In allura ta hau ja tsakanin Dungas da Magarya, me direba zai fara yi?