Filin Kimiyya: Me Ke Riƙe Ƙaramin Jirgi a Sama?

Da yawanmu in aka tambaye mu abin da muke so mu zama, sai mu ce matuƙin jirgin sama. To, duk wanda ya je koyon tuƙi, ko a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964 ko a wani wuri, da ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya zai fara, kuma sai ya zauna a aji kafin ya taɓa sitiyari. Ga kaɗan daga darasin farko.

Ƙarfi huɗu ne ke aiki a kan jirgi idan yana sama. Nauyi yana jan sa ƙasa, fukafukai suna ɗaga shi sama. Farfela tana tura shi gaba, iska kuma tana turjewa tana jan sa baya. Idan jirgi yana tafiya a miƙe, ba hawa ba sauka, gudunsa bai canza ba, to ɗagawa ta yi daidai da nauyi, turawa ta yi daidai da turjiya.

Yaya fiffike yake ɗagawa? Mu gwada da faifai. Idan muka riƙe shi a shimfiɗe muka ruga a filin ƙwallo, ba za mu ji komai sosai ba. Idan muka ɗan ɗaga bakinsa na gaba, za mu ji yana neman tashi, domin yana karkatar da iska ƙasa, ita kuma tana tura shi sama. Haka fiffike yake yi. Yawan ɗagawar ya dogara da gudun jirgi, da kaurin iska, da faɗin fiffike, da kusurwar da fiffiken ke tarar iska da ita.

A wannan kusurwa haɗarin yake. Idan matuƙi ya ɗaga hancin jirgi, ɗagawa tana ƙaruwa, amma da iyaka. Da kusurwar ta wuce wajen digiri 15, sai iska ta daina bin bayan fiffike a hankali, ta hargitse, ɗagawa ta ragu nan take, jirgi ya fara zubowa. Matuƙa suna kiran wannan sitol. Ba mutuwar inji ba ce, domin yakan faru inji na aiki lafiya lau. Wanda ya tsorata zai ƙara jan sitiyari don ya hau, alhali wannan ne ke ƙara ɓata lamarin. Maganin shi ne a sunkuyar da hancin jirgi, a ƙara wuta, a daidaita fukafukai. Shi ya sa malami yake kai ɗalibi can sama, inda akwai sarari, ya sa shi ya maimaita har hannunsa ya saba. Kusa da ƙasa, lokacin tashi ko sauka, babu damar yin dogon tunani.

Abu na biyu da ya shafe mu ƙwarai shi ne zafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka fiffike da farfela da inji duk ƙarfinsu yakan ragu. Mu yi lissafi. Filin jirgin Kano yana kan tudun da ya kai wajen ƙafa 1,560 daga teku, inda ma'aunin matuƙa ke ɗaukar zafi digiri 12 a matsayin daidai. Ƙa'idar ita ce, kowane digiri ɗaya da ya ƙaru, a ƙara ƙafa 120. Ranar bazara mai digiri 40, bambancin 28 ne. Idan muka ninka 28 da 120, mun sami 3,360. Mu haɗa da 1,560, ya zama 4,920. Wato jirgin yana ƙasa, amma yana aiki kamar yana ƙafa kusan 5,000 a sama. Zai buƙaci titi mai tsawo kafin ya tashi, hawansa kuma zai yi nawa. Matuƙi mai hankali sai ya rage kaya, ko ya tashi da sanyin safiya.

Hazon hunturu ma abin lura ne. Ɗalibi da idonsa yake tuƙi, yana kallon inda sama ta haɗu da ƙasa. Idan ƙura ta rufe wannan layi, jikinsa zai iya gaya masa jirgi a miƙe yake alhali ya karkace. Ranar da hazo ya yi yawa, ɗalibi a ƙasa yake wuni.

Mun ga ke nan Fiziks da Lissafi da Jogirafi da muke yi a aji su ne tushen wannan aiki, ga kuma Ingilishi da ake magana da shi a rediyon jirgi.

Tambayar mako: me ya sa jirgi yake fuskantar iska idan zai tashi, maimakon ya ba ta baya? A rubuta amsa tare da suna da aji, a jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu manna amsar da ta fi gamsarwa a fitowa ta gaba.