Mota Za Ta Iya Shan Man Gyaɗa?

'Yan'uwana ɗalibai, Edita ya ba ni fili in rubuta darasi ɗaya na kimiyya wanda za mu iya kaiwa aji sa'anda muka fita koyon aikin koyarwa. Na zaɓi zancen man girki da injin dizal, domin darasi ne da na koya da tsada. Ba ni na biya kuɗin ba kuwa, kawuna ne ya biya.

Ga yadda abin ya faru. Kawuna yana da wata tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal, watau man da direbobi ke ce wa gas. Da ita yake ɗaukar dankalin Turawa daga wajen Bokkos zuwa Jos. Da ita yake ciyad da gida, da ita kuma yake biya mini kuɗin makaranta tun ina makarantar mishan ta ƙauyenmu. Da na je hutun Disamba, na tarar yana kukan tsadar gas. Ni kuwa na taɓa karantawa a wani littafi cewa injin dizal yana iya aiki da man gyaɗa. Sai na ce, "Kawu, ai motarka za ta sha man girki. Turawa sun gwada tun da daɗewa."

Ya dube ni ya ce, "Malam, ka tabbata?"

Na ce, "Na karanta, Kawu."

Ya bi matan da ke suyar ƙosai da doya a tasha, ya sayi tsohon mansu da araha, ya tace da ƙyalle, ya zuba a tanki a kan ɗan gas ɗin da ya saura. Ran nan da rana mota ta tashi, ta yi tafiya lafiya, hayaƙinta yana ƙanshin ƙosai, mutane suna ta dariya. Ni ma har na fara ɗaga kafaɗa. Kwana uku bayan haka, da asuba, hunturu yana busawa, an riga an loda buhunan dankali, sai mota ta ƙi tashi. Aka buga har batir ya mutu. Aka tura, a banza. Dole Kawu ya ɗauki hayar wata mota, ya isa kasuwa bayan masu saye sun watse, ya karyar da kayansa. Sa'an nan ga kuɗin makaniki. Bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kaɗai shi ne, "Malam, littafin naka bai yi zancen sanyi ba?"

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da na komo makaranta na zauna na bi zancen daga tushe, ga kuwa abin da na samu.

Yadda injin dizal ke aiki

Injin fetur yana da fulogi, shi ke ba da tartsatsin da ke kunna mai. Injin dizal ba ya bukatar tartsatsi. Iska zalla yake shaƙa, sa'an nan fistan ya matse ta ƙwarai, har ta koma kamar kashi 1 cikin 15 ko cikin 20 na girmanta. Iska in an matse ta takan yi zafi. Kowa ya taɓa famfon keke bayan an ba taya iska ya san haka. A cikin injin dizal zafin yakan wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyos. A daidai wannan lokaci famfon mai yake tura mai ta nozul, watau ɗan bakin ƙarfe mai ƙananan huji, ya fesa shi kamar hazo. Da hazon ya sadu da iska mai zafi sai ya kama wuta da kansa, ya tura fistan ƙasa, mota ta motsa.

To, tun da zafi ne ke kunna wutar, man girki ma yana iya ƙonewa a ciki, muddin ya fesu sosai. Ku riƙe wannan sharaɗi, gama shi ne abin da na tsallake.

Ɗan tarihi

Mutumin da ya ƙago injin, Rudolf Diesel, Bajamushe ne, an haife shi a Faris cikin 1858. Injinsa na farko da ya yi aiki yadda ake so an gwada shi a birnin Augsburg na Jamus cikin 1897. A babban nunin kayayyaki na duniya da aka yi a Faris cikin 1900, an nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, domin tana tunanin ƙasashen da take mulka a Afirka, inda gyaɗa ke da yawa, man ƙasa kuwa sai an kawo daga nesa. Ashe abin da na gaya wa Kawu ba ƙarya ba ne. Rabin gaskiya ne.

Man ƙasa ya yi araha a shekarun da suka biyo, saboda haka masu ƙera injuna suka daidaita famfo da nozul bisa ga gas. Duk da haka ba a daina bincike ba. Cikin 1937 wani malami a Jami'ar Brussels ta Beljiyam, ana ce da shi Chavanne, ya yi rajistar wata dabara ta sāke manja ya zama mai ruwa-ruwa kamar gas. Cikin 1938 aka tafiyad da motar fasinja tsakanin Brussels da Louvain da irin wannan mai. Shi ne kakan abin da ake kira bayodizal yau.

Inda matsalar take

Matsalar ita ce kauri. Man gyaɗa da manja da man waken suya sun fi gas kauri wajen ninki 10. Mai kauri ba ya fita daga nozul kamar hazo, sai dai manyan ɗigo. Manyan ɗigo ba sa ƙonewa duka. Abin da ya rage yakan zama baƙar ƙaura a bakin nozul da kan zoben fistan. Wani kuma yakan tsiyaya ƙasa ya gauraya da man inji, a hankali ya mai da shi kamar danƙo, har injin ya rasa abin da zai sa ƙarfe ya yi santsi a kan ƙarfe.

Sanyi yana ƙara kaurin. Kowace uwa a kan dutsen nan ta san manja yakan yi barci a kwalba da hunturu, sai an ajiye shi kusa da murhu kafin ya zubu. Abin da ke faruwa a kwalba shi ke faruwa a tanki da bututu da filta. Tsohon man suya kuma ya fi muni, gama akwai ruwa a ciki, da gishiri, da ɓurɓushin ƙosai wanda ƙyalle ba ya tarewa. Wannan ne ya toshe filtar motar Kawu, ya kuma ɓata nozul.

Hanyoyi uku na rage kauri

Ta fari, gaurayawa. A zuba man girki kaɗan, wanda aka tace sosai aka kuma raba shi da ruwa, cikin gas mai yawa. Tsofaffin injuna sukan jure wannan a lokacin zafi, amma ƙaurar tana taruwa a hankali.

Ta biyu, ɗumamawa. Mai in ya yi zafi yakan tsinke. Masu bin wannan hanya sukan sa wa mota tanki biyu, ƙarami na gas, babba na man girki. A ta da mota da gas. Ruwan zafin da ke zagaya injin shi zai ɗumama man girkin har wajen digiri 70 ko 80, sa'an nan direba ya juya ga babban tanki. Kafin ya kashe mota kuma sai ya komo kan gas, domin kada man girki ya kwana a famfo. Da Kawu ya yi haka, da motarsa ta tashi da asubar nan.

Ta uku, sāke man kansa, watau yin bayodizal. Ga misalin da nake ba yara. Kowace ƙwayar man girki kamar awaki uku ne da aka ɗaure a turke ɗaya. Turken shi ne wani abu mai yauƙi da ake kira gilisarin. Awaki uku da turkensu ba za su wuce ƙaramar ƙofa da sauƙi ba. Amma in an kwance su, kowace za ta wuce ita kaɗai. Abin da ke kwance su shi ne wani irin barasa mai dafi da ake kira metanol, tare da ɗan soda irin wadda mata ke yin sabulu da ita. Ana ɗumama mai zuwa wajen digiri 55, a zuba haɗin metanol da soda, a yi ta motsawa wajen sa'a ɗaya, a bari ya kwanta. Gilisarin zai sauka ƙasa, bayodizal ya tsaya a sama. Sai a raba, a wanke shi da ruwa, a busar. A lissafi, kilo 100 na mai da wajen kilo 10 na metanol sukan ba da wajen kilo 100 na bayodizal da kilo 10 na gilisarin. In akwai ruwa a cikin man, ko ya sha suya ya yi tsami, sai a tashi da sabulu a maimakon man mota.

Ina roƙonku, kada wani ya gwada wannan a aji ko a ɗakin kwana. Metanol yana makantarwa, yana kisa, ko an sha ko an shaƙi tururinsa da yawa, yana kuma kama wuta nan da nan. Soda tana cin fata da ido. Aikin ɗakin gwaji ne, a gaban malamin kimiyya.

Bayodizal ma yana da halinsa. Ƙarfinsa ya gaza na gas da wajen kashi 8 zuwa 10 cikin 100, saboda haka lita ɗaya ba ta kai mota inda ta gas za ta kai. Yakan cinye bututun roba na tsofaffin motoci. Yakan wanke dattin da ya daɗe a tanki ya kai shi filta, don haka a farko sai an riƙa sauya filta. Amma baƙin hayaƙinsa bai kai na gas ba. Galibi gauraya shi ake yi, a sa wa haɗin lamba: B5 yana nufin kashi 5 cikin 100 bayodizal ne, B20 kashi 20, B100 kuwa zalla. Ƙasar Indunusiya, wadda ta fi kowace ƙasa yin manja, ta wajabta B30 cikin 2020, B35 cikin 2023, B40 kuma cikin 2025. Nasu kuwa a manyan ma'aikatu ake yi, a auna ingancinsa kafin ya kai gidan mai. Motocin zamani masu kwamfuta, waɗanda famfonsu ke matsa mai da ƙarfi ƙwarai, ba a zuba musu ɗanyen man girki ko kaɗan.

Lissafin kasuwa

Saura tambaya ɗaya: ko da abin ya yiwu, akwai riba? Na zaga kasuwarmu na tambaya, na tarar lita ɗaya ta sabon man gyaɗa ta fi litar gas tsada nesa. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace tun cikin shekarun 1970, manjan da muke yi kuma bai ishe mu ba, har sai an shigo da ƙari daga waje. Wanda ya ɗebi man miya ya ba mota, ya cire daga bakin yara ke nan, ya kuma yi asara. Saboda haka inda dabarar ke da amfani a wurinmu shi ne man da ba a ci: tsohon man suya, wanda dama bai kamata a ci gaba da ci ba, da man irin su bini-da-zugu da ake shinge da shi, wanda 'ya'yansa dafi ne. Shi ma bini-da-zugu an yi ta yayatarsa wajen 2007 da 2008, aka ce zai yi a kowace irin fako, amma manyan gonaki da yawa a Afirka da Indiya suka rushe, domin a ƙasa mara kyau 'ya'yansa kaɗan ne.

Gwajin da za a yi a aji

Wannan ba shi da haɗari, kuma ba ya cin kuɗi. A nemi gwangwanin madara 3 masu girma ɗaya, a huda gindin kowane da ƙusa ɗaya. A nemi agogo, da ruwa, da man gyaɗa, da manja.

1. Yaro ɗaya ya toshe hujin da yatsa, a cika gwangwani da ruwa. Ya saki, wani ya ƙirga daƙiƙa nawa kafin ya ƙare. A rubuta a allo.

2. A yi haka da man gyaɗa, sa'an nan da manja, da sassafe tun da sauran sanyi.

3. Malami ya sa kwalaben man cikin ruwan zafi na minti 10, a sake gwadawa. A gwama lambobin.

Kada malami ya faɗi amsa tukuna. Gani ya kori ji. Bari yara su duba allo su faɗi da bakinsu abin da zafi ya yi wa mai.

Tambayoyi

1. Me ke kunna mai a injin dizal, tun da ba fulogi?
2. Don me motar Kawu ta tashi da rana, ta ƙi tashi da asuba?
3. Tanki yana cin lita 60. In an cika shi da B20, lita nawa ne bayodizal a ciki?
4. Kawo dalili 2 da za su hana mu zuba sabon man gyaɗa a mota.

'Yan'uwa, nan gaba kaɗan za a tura mu ƙauyuka, inda maganar malami takan zama kamar doka. Mutum zai sa dukiyarsa a kan kalma ɗaya da muka faɗa. In an tambaye mu abin da muka sani rabi, mu ce, "Bari in bincika tukuna." Motar Kawu ta komo hanya, gas take sha. Ni kuwa na yi masa alkawari, albashina na fari shi zai biya kuɗin makanikin nan. Ya yi dariya ya ce in fara cin jarrabawa.