Naushi da Shuri: Dokoki ga Matasan Bauchi Masu Wasan Kikbosin

Wanda ya tashi yana kallon dambe ya san turmi uku ne, kuma kisa ake nema. Kikbosin ba haka yake ba. Hukumar kikbosin ta duniya, WAKO, wadda kwamitin Olamfik na duniya ya ba cikakkiyar amincewa a 2021, ta kasa wasan mataki-mataki, kowanne da iyakar ƙarfin bugunsa. Duk mai atisaye a filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ko a unguwa, ya riƙe waɗannan.

Abin da za a yi

1. Ka tambayi matakin da za a buga kafin ka sa safar hannu. Uku a kan tabarmar roba ake yi, da bugu mai linzami: na ƙirga maki, inda alƙali ke tsayar da wasa bayan kowace taɓawa, na bugu mai sauƙi ba tsayawa, da wanda ya ƙara shurin cinya.
2. Ka san ukun da ake yi a dandamali mai igiya da cikakken ƙarfi: na sama da ƙugu kaɗai, na shurin cinya, da K-1, wanda ya halatta gwiwa.
3. Ka sa hular kariya, robar haƙora, makarin ƙwauri da na gaba. Ko ɗaya ya ɓata, ka haƙura.
4. Ka hau awo, ka kara da sa'anka a nauyi da shekaru.
5. Alƙali ya ce tsaya, hannunka ya sauka nan take.

Abin da ba za a yi ba

1. Kada ka saki hannu a wasan bugu mai sauƙi. Abokin karawarka ya shigo ne bisa amana, fasa masa hanci cin amana ne, kuma hukuncinsa rage maki ko kora.
2. Kada ka bugi ƙeya, maƙogwaro, gadon baya ko al'aura, a kowane mataki.
3. Kada ka bugi wanda ya faɗi.
4. Malam mai horarwa, kada ka tura sabon shiga dandamali don ihun 'yan kallo. Da rarrafe yaro kan tashi.
5. Kada wanda ya suma ya koma fili ranar. In yana amai, jiri ko ya rikice, a wuce da shi asibitin koyarwa, ba a yayyafa masa ruwa a ce ya tashi ba. Sai likita ya sallame shi zai sake karawa.

Wanda ya kasa riƙe hannunsa a ƙaramin mataki, kada a ba shi izinin hawa babba.