Hadari da Ƙarancin Mai: Yadda Kanar Shittu Alao Ya Rasu

Mai bin hanyar Sakkwato daga Sabon Gari zuwa Samaru ba ya rasa ganin ƙananan jirage suna shawagi a kan Palladan, inda Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama take tun 1964. Cikin abubuwan farko da ake cusa wa ɗaliban tuƙi akwai lissafin mai da karanta yanayi. Abin da ya faru ran 15 ga Oktoba, 1969, ya isa ya nuna dalili.

A ranar, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaban Sojojin Saman Nijeriya, Kanar Shittu Alao, yana tafe shi kaɗai cikin jirgin L-29. Ƙasar Cekosulobakiya ce ta ƙera wannan jirgi domin koyar da tuƙi, amma larurar yaƙi ta sa aka ɗora masa makamai. Yanayi ya ɓaci, mai ya yi ƙasa, sai ya nemi saukar gaggawa a Uzebba, arewa da Benin. Jirgin ya bugi itace, ya rasu yana da shekara 32.

To, me ya haɗa hadari da ƙarewar mai? Injin jet yana zuƙar iska ne, ya matse ta, ya gauraya ta da mai, ya ƙone. A can sama, wajen mita 6,500, kaurin iska bai wuce rabin na ƙasa ba. Jirgi yana ratsa ta cikin sauƙi, mai kuwa yana auki. Amma matuƙin da gajimare ya rufe wa ido yakan sauko ƙasa-ƙasa don ya hangi kogi ko layin dogo ya gane inda yake. Nan ne inji yake kwankwaɗar mai. L-29 kuwa ko da ƙarin tankuna, tafiyarsa ba ta wuce kimanin kilomita 900, saboda haka ɗan kewaye kaɗan ya isa ya rushe lissafi.

Saukar ma ba ta da rangwame. Fiffike ba ya ɗaukar jirgi sai iska na bi ta kansa da gudu. Idan gudun L-29 ya gaza kimanin kilomita 130 cikin sa'a, sai ya rikito. Dole ke nan ya taɓa ƙasa da gudun da ya fi haka. Ƙarfin karo kuma ba ninki ɗaya yake yi ba: in gudu ya ninka biyu, shi ninkawa huɗu yake yi. A titin jirgi birki ne yake shanye wannan ƙarfi sannu a hankali, cikin ɗaruruwan mitoci. Itace kuwa cikin ƙiftawar ido yake tsayar da jirgi, ƙarfin duka ya ƙare a jikin ƙarfe da na mutumin da ke ciki.