Amsoshin Tambayoyinku: Na Gama Haihuwa, Na Rabu da PCOS Ke Nan?

Wata 'yar'uwa daga Ƙaura Namoda ta rubuto cewa tun tana amarya likita ya ce tana da PCOS. Allah ya ba ta 'ya'ya, yanzu ta haura shekara 40, al'adarta ma ta daidaita. Tana so ta san ko larurar ta tafi ke nan.

Madalla da wannan tambaya, 'yar'uwa. PCOS rikicewar sinadaran jiki ce da ke hana ƙwan mace fita a kan kari, ta kawo tsallaken al'ada, ƙuraje da gashin haɓa. Likitocin Amurka biyu, Stein da Leventhal, suka bayyana ta a 1935. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana samun mata 6 zuwa 13 cikin kowane 100 masu shekarun haihuwa.

Da yake neman haihuwa ne ke kai yawancin mata asibiti, ba abin mamaki ba ne a ɗauka da an haihu magana ta ƙare. Gaskiya ne al'ada kan daidaita idan shekaru suka ja, amma tushen larurar yana nan. Jikin yawancin masu ita ba ya jin insulin sosai, wato sinadarin da ke kwashe sukari daga jini. Shi ya sa ciwon sukari ya fi saurin kama su, ko da ba su da ƙiba. Hawan jini, kitse a jini da hanta, da ɗaukewar numfashi cikin barci su ma sukan biyo baya.

Sai batun mahaifa. Idan al'ada tana ɗaukewa fiye da wata 3 a kai a kai, shimfiɗar cikin mahaifa takan yi ta kauri, wannan kuwa yana ƙara haɗarin sankara. Kada ki tsorata, mafi yawa ba sa kamuwa. Amma jinin da ya dawo bayan al'ada ta tsaya shekara guda, a kai shi ga likita ba tare da jinkiri ba.

Abin yi ba shi da wuya. Ki auna hawan jini kowace shekara, sukari kuma bayan shekara 1 zuwa 3. A fara da babban asibitin Ƙaura, Shinkafi ko Zurmi. Idan da buƙata su tura ki Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Ki rage lemon kwalba da zuba sukari a fura, ki yawaita wake, zogale da rama, ki riƙa tafiya da ƙafa. Ki nisanci ƙwayoyin sha-ka-fashe, domin wasunsu suna tayar da sukari. Mai ƙiba idan ta rage kilo 5 cikin kowane 100 na nauyinta takan ga sauƙi. Magani irin su metformin kuwa, sai likita ya rubuta.

In kina da 'ya'ya mata, ki lura da al'adarsu, domin larurar takan bi jini. Allah ya ƙara lafiya.